Duwatsun Katsinar Laka: Labarin Baka, da Tarihi, da Gini

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, tun bai kai Tsafe ba zai ga ƙasa ta soma sake kama. Gonakin dawa da na auduga suna nan shimfiɗe kamar tabarma, amma ta bayansu sai ga duwatsu suna ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsaye shi kaɗai, ba ruwansa da ɗan'uwansa. In ya wuce Tsafe ya yi ɗan nisa, saura kamar mil 12 ya shiga Gusau, sai ya yi kiciɓis da babbansu, watau Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin ƙasar ƙaramar hukumar Bunguɗu. Tsawonsa daga gindi zuwa ƙoli ya kai wajen ƙafa 1,000, gefensa kuwa a wani wurin sumul ya ke kamar bayan tulu. Direbobi sun saba da shi har ba su ɗaga ido. Mu dai a wannan darasi so mu ke mu ɗaga ido, mu bincika abin da dutsen nan da maƙwabtansa suka gani.

Wani Bajamushe masanin ƙasa, Wilhelm Bornhardt, wanda ya yi aiki a Afirka ta Gabas, shi ya laƙaba wa irin waɗannan duwatsu suna cikin 1900. In an juya sunan da Hausa sai a ce dutse-tsibiri. Ya kuwa yi gaskiya, don wanda ya hau ƙoli da damina ya duba ƙasa, ganye kore shar ko'ina, zai ga kamar yana tsakiyar teku. Asalinsu narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, shekara miliyan 500 ko fiye da suka wuce. Abin da ya lulluɓe shi ya fi shi laushi, sai ruwa da zafi suka yi ta cinsa, kogi na kwashewa, har mai taurin ya fito fili. Har yanzu aikin bai ƙare ba. Rana ta gasa dutse, dare ya sanyaya shi, ruwa ya shiga tsaga, bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Manyan ɓaraguzan da ke zube a gindi, waɗanda suka yi koguna da lunguna, daga nan suka faɗo. Ku riƙe zancen kogunan nan, za mu komo kansu.

Tun da masana sun kira su tsibirai, mun ga ya kyautu mu aza su kusa da wani tsibiri na ainihi wanda mu ke karanta labarinsa cikin littattafai, watau Kirit, babban tsibirin ƙasar Girka, mai tsawon mil 160 cikin Bahar Rum. Abin kunya ne a ce ɗalibinmu ya iya ba da labarin sarakunan Kirit tiryan-tiryan, amma in an tambaye shi wane ne Korau, ko ina 'Yandoto ta ke, sai ya soma susar ƙeya.

To, mu fara da abin da tsofaffi ke faɗi. An ce wani maharbi mai suna Mangul shi ya fara zama a Kwatarkwashi, an kuma ce sunan garin daga Kwatashi ya fito, ɗaya daga cikin masu sarauta na farko. Maharbi a farkon labarin gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne ya san daji, ya san inda ruwa ke kwana da rani, shi ne kuma a ganin mutanen da ya iya shiryawa da masu wurin, watau iskoki. Don kuwa a wurin Maguzawa babban dutse ba kufai ba ne, gida ne mai masu shi. Haka Dala ta ke a Kano da Tsumburbura, haka Kufena a Zariya, haka Kwatarkwashi da Magiro. Shi Magiron nan sunansa ya yi nisa ƙwarai. Har cikin ƙabilun da ke kudu da yamma, irin su Kamukawa da Dukawa, an yi tsafinsa, waɗansunsu kuwa su kan ce daga Kwatarkwashi ya zo musu. Wannan magana ba ƙarama ba ce ga mai neman tarihi. Tana nuna mana tun ba a yi hanyar mota ba dutsen nan ya zama matattara, mutane masu harshe dabam dabam suna kallonsa da girma.

Babban bikin garin shi ne kamun maiki. Maiki dangin ungulu ne, amma ya ɗara ta nesa ba kusa ba, in ya buɗe fukafukai sun fi ƙafa 7. Ba ya sheƙa bisa itace kamar ungulun kan mahauta, sai a gefen dutse inda ƙafar mutum ba ta zuwa da sauƙi. A lokacin bikin samari majiya ƙarfi su kan hau har inda ya ke, su kamo shi da rai, su sauko da shi gaban sarki ana kiɗa ana guɗa. Wanda ya duba santsin dutsen nan ya san ba wasan yara ba ne. Masu binciken tsuntsaye sun rubuta cewa a duk Nijeriya Kwatarkwashi ne wurin da aka fi sanin irin wannan maiki yana ƙwai yana ƙyanƙyasa. Tsuntsu ne mai abin mamaki: cikin 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya a sararin Abijan, yana tafe wajen ƙafa 37,000 bisa, ba a kuwa taɓa tabbatar da tsuntsun da ya kai haka nisa ba. Yanzu bikin ya zama labari. Musulunci ya game garin, musamman bayan rangadin wa'azi da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi ta yi cikin lardunan Arewa daga 1963 zuwa 1965. Maikin ma ya ƙaranta ko'ina a Afirka ta Yamma, sabo da guba da masu kama shi don magani, har cikin 2015 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Mutanen Kirit su ma suna da nasu maikin a duwatsunsu, ɗan'uwan namu ne na kusa, sai dai su sun sa doka sun tsare shi.

Ga kuma nasu labarin baka. Yunanawa sun ce a da an yi wani sarki a Kirit mai suna Minos, wanda ya sa aka gina wani gida mai lunguna barkatai, duk wanda ya shiga ba ya gane hanyar fita. Ciki aka ajiye dodo, jikin mutum kan bijimi. Kowace shekara 9 sai birnin Atina ya aiko da samari 7 da 'yan mata 7 a jefa masa. Sai ɗan sarkin Atina, Tisiyas, ya sa kansa cikin waɗanda za a kai. 'Yar Minos ta gan shi ta so shi, ta ba shi ƙullin zare ya riƙa warwarewa yana shiga. Ya kashe dodo, ya bi zare ya fito. Shekaru aru-aru masu ilmi sun ɗauki wannan tatsuniya ce tsagwaronta. Ana nan sai cikin 1900 wani Bature na Ingila, Arthur Evans, ya soma tona wani tudu a Nosos. Ya tarad da fada wadda aka fara ginawa wajen shekara 1,900 kafin haihuwar Annabi Isa, mai ɗakuna ɗaruruwa da rariyoyi masu rikitarwa, ga zanen samari a bango suna tsallake bijimi. Dodon dai ba a same shi ba, ba kuwa za a same shi ba. Amma fadar da lungunanta da bijiminta ga su nan.

Darasin da za mu ɗauka mu tafi da shi 'Yandoto ke nan. Labarin baka kamar gero ne a sussuka, da tsaba da ƙaiƙayi duk a turmi guda. Mai gaggawa ko dai ya haɗiye duka, ko ya zubad da duka. Aikin ɗalibi ya ɗauki faifai ya yi sheƙa.

'Yandoto tana kusa da Tsafe, ƙauyen da ke riƙe da sunan yanzu shi a ke kira 'Yandoton Daji. Katsinawa sun ce a zamanin da Durɓawa ke sarauta, sarkinsu na ƙarshe Sanau gwanin kokawa ne, ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, sabo da wata laya da ya ke ɗaurawa a ƙugu. Sai wani baƙo ya zo daga 'Yandoto, sunansa Korau. Ya shirya da matar sarki, ta gaya masa asirin, aka zare layar. Ran kokawa, a gindin wata tsamiya, Korau ya ɗaga Sanau ya fyaɗa da ƙasa, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Takobin nan Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina, da sunan Korau a ke ambatonsa, fadar Katsina kuwa Gidan Korau a ke ce mata.

To, ina tsaba, ina ƙaiƙayi? Zancen laya da matar da ta tona asiri ya yi yawo a duniya. Yunanawan nan ma suna da irinsa, har ma Minos na ciki: sun ce ya kewaye birnin Megara da yaƙi ya kasa ci, don sarkin garin yana da wani silin gashi a ka wanda ransa ke ciki, sai 'yar sarkin ta yanke shi yana barci. In muka ga labari guda yana fitowa a Bahar Rum yana kuma fitowa a Katsina, sai mu ce wannan ado ne irin na masu ba da labari, hanya ce ta bayyana yadda mai ƙarfi ya faɗi ba tare da an rage masa ƙarfinsa ba. Abin da ya rage cikin faifai shi ne: sarauta ta fita daga wani gida ta koma wani, wanda ya karɓa kuwa daga kudu maso yamma ya zo, daga garin fatake da malamai. Masana tarihi, irin su Yusufu Bala Usman cikin binciken da ya yi a kan Katsina, suna aza Muhammadu Korau cikin ƙarni na 15, suna kuma lissafa shi sarkin Katsina na farko Musulmi. Su Durɓawan ma ƙasa ta ba da shaida a kansu. An tona manyan kusheyin Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, cikin 1907, aka sake tonawa cikin 1992, aka sami kayan tagulla da na hauren giwa da wuri, har da tasoshin da suka ƙetaro Sahara. Ashe dai akwai sarakunan, kuma ba matalauta ba ne.

Duk wannan yanki, da 'Yandoto da Tsafe da Kwatarkwashi da inda Gusau ta ke yanzu, a da ƙasar Katsina ce, ana ce da ita Katsinar Laka, sabo da ƙasarta mai danƙo wadda ke riƙe ruwa, auduga kuwa ta kan so haka. Ɗalibai da yawa su kan yi mamaki in sun ji sarautar Gusau Sarkin Katsina ce, alhali gari na cikin Jihar Zamfara. Dalilin ke nan. Ita Zamfara ta da tana yamma da arewa, babban birninta kuwa Gobirawa suka ci shi wajen 1760 da 'yan kai, zamanin Sarkin Gobir Babari.

'Yandoto ta shahara da karatu har almajirai na zuwa mata daga nesa. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, jihadi ya tashi, sai kan malaman garin ya rabu. Mafi yawa suka tsaya tare da Sarkin Katsina, suka ce ba su ga hujjar ɗaukar makami ba, suka kori waɗanda suka bi Shehu. Cikin waɗanda suka bar garin har da Malam Muhammadu Sambo ɗan Ashafa. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya sauka kusa da garin da runduna, ya aika a fito a yi muƙabala, malamai suka ƙi ko ganawa da shi. Aka yi yaƙi, aka ci 'Yandoto, jama'arta ta watse.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu daɗe a kansa, mu da ke shirin zama malamai. Bayan 'yan shekaru Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana tuhumar masu jihadi da abubuwa da dama, ciki har da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta cikin 1812. Bai musa an yi ɓarna ba. Ya ba da labarin wani gari da suka ci, ya ga takardu iska na kwasa, ya yi ta tsinta har ya gaji, ransa ya ɓaci, ya kuma nuna aikin jahilan cikin runduna ne, ba umurnin shugabanni ba. Masana da yawa suna ganin 'Yandoto ya ke nufi. Ku duba fa, malamai ne a ciki, malamai ne a waje, Alƙur'ani ɗaya su ke karantawa, amma da takobi ya fito kube takarda ce ta fara shan wuya. Kuma ga wani abin lura: labarin wannan rana daga alƙalamin wanda ya ci nasara muka same shi. Abin da malaman 'Yandoto suka rubuta na hujjarsu iska ta tafi da mafi yawansa. Sabo da haka in za mu koya wa yara wannan babi, mu faɗi girman Bello da gaskiyar da ya yi har ya rubuta abin da bai yi masa daɗi ba, mu kuma faɗi cewa waɗanda aka ci masu ilmi ne da suka ga wata hanya dabam.

Daga rushewar 'Yandoto garuruwa biyu suka ɗaukaka. Gidan sarautarta ya koma ga duwatsun Tsafe, shi ya sa sarkin Tsafe sarautarsa 'Yandoto. Malam Sambo ɗan Ashafa kuwa ya kafa Gusau a bakin Gulbin Sakkwato, yawancin masu lissafi suna cewa cikin 1811, sunan kuma an ce daga "gusa" ya fito, watau an ɗan matsa gaba. Zaman bai zo da sauƙi ba. Katsinawan da aka kora sun kafa Maraɗi suna kawo hari, har akwai lokacin da mutanen Gusau suka tashi suka koma Rawayya, daga baya suka dawo. Bunguɗu, wadda ke yamma da Gusau a bakin wannan gulbi, sarautarta Sarkin Fulani, sunan kaɗai ya isa ya gaya mana ɓangaren da ta fito. Kwatarkwashi ita dai ta bi Sakkwato, amma ta riƙe gidan sarautarta na asali da al'adunta da dama. Dutse ya yi mata rana.

Yaya dutse ke tsare gari? Ƙarfin yaƙin wancan zamani doki ne, doki kuwa ba ya hawan falalen dutse. Kogunan nan da muka ce ku riƙe, nan a ke ɓoye mata da yara da hatsi. Ramukan da ke bisa dutse suna tara ruwan sama. Ɗan baka guda da ya laɓe cikin tsaga ya isa ya tsare hanyar da ba ta cin mutum biyu a jere. Sabo da haka mutane suka zauna a gindin dutse da cikin lungunansa, ɗakuna zagayayyu masu jinka, rumbuna bisa duwatsu don gara da laima. Amma dutse ba ya tsiro da gero. Gona tana ƙasa, a fili, mahara kuwa sun san haka, shi ya sa su kan jira kaka. Mutumin dutse kullum ido biyu ya ke noma, ɗaya ga kunya, ɗaya ga ƙurar dawaki.

A Kirit abin ya zo bi da bi. Fadar Nosos, duk da girmanta, ba ta da ganuwar a zo a gani, don teku da jiragen ruwa su ne garunta. Da wannan mulki ya rushe, zaman lafiya ya ƙare wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa, sai mutane suka bar bakin teku suka haye duwatsu. An tona wani ƙauyensu a Karfi daga 1937 zuwa 1939, sama da ƙafa 3,500 bisa teku, inda sanyi da iska ba su raga wa kowa. Ba don sha'awa suka hau ba, kamar yadda mutanen Tsafe ba don sha'awa suka jingina da dutse ba. Can baya kuma, wajen shekara ta 820 da 'yan kai, Larabawan Andalus suka ci tsibirin, suka kafa birni suka kewaye shi da gwalalo, suka sa masa suna Handaƙ. Duk wanda ya karanta sira ya san kalmar. Birnin nan shi ne babban birnin tsibirin a yau, Irakiliyon, garun da aka yi masa daga baya kuwa sai da Turkawa suka shekara 21 suna kewaye da shi kafin su ci shi cikin 1669.

Garin da ba shi da dutse sai ya gina nasa, wannan ita ce ganuwa. Haka Gusau ta yi. Aka tona gwalalo, ƙasar da aka fitar aka tayar da garu da ita, aka bar sarƙaƙƙiya ta yi kauri a waje. Sunayen ƙofofinta, irin su Ƙofar Kwatarkwashi da Ƙofar Rawayya, suna nuna inda hanya ta nufa, suna kuma nuna maƙwabtan da garin ya damu da su. Aikin gayya ne, kowace unguwa da rabonta, kowace shekara bayan damina a sake yaɓe inda ruwa ya zaizaye.

Ya kamata mu san yadda magini ke aikinsa, don yaran da za mu koyar da yawansu a gidan siminti aka haife su. Baƙar laka ta gona ba ta gini, da ta bushe sai ta tsattsage. Jar ƙasa a ke nema, ramin da aka haƙo ta kuwa shi ke zama kududdufi. A jiƙa ta, a zuba ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindi faɗi kai tsini, a shanya a rana. Magini ya jera su kai sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya tashi da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Rufi kuwa da azara, wadda a ke tsagowa daga giginya, don gara ba ta cinta. Azara tana da iyaka: in tazara ta wuce kamar ƙafa 6 ga nauyin ƙasa bisa, sai ta soma lanƙwasa. Wannan iyaka ita ta haifi gwanintar maginan Hausa. Su kan dasa azara cikin bango ta leƙo kaɗan, su ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga wannan bango da wancan, har su gamu a tsaka, a lulluɓe da ƙasa. Bakan gizo ke nan. In bakuna suka gicciya juna sai a sami tulluwa, zaure ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya ke son ganin iyakar wannan fasaha ya tafi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A ƙarshe a shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma da laso mai katsin marina, a kafa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin gini.

Bambancinmu da Kirit a nan ya ke, kuma ba mu ne muka ci riba ba. Ginin dutse in an bar shi ya kan jira mai tono shekara 3,000. Ginin ƙasa in an daina yaɓe, damina 20 ta isa ta mai da shi tudu. Amma kada mu ce tudu ba ya magana. Ƙarƙashinsa akwai tsingaro, da dutsen niƙa, da ramin marina, da gawayin da masana ke aunawa su faɗi shekarunsa.

Abin da yaƙi ya kasa, kasuwa ta yi. Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, hari ya tsaya. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta biyo ta Funtuwa da Tsafe ta iso Gusau cikin 1927, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Kamfanonin gyaɗa da auduga suka kafa rumfuna, Gusau ta fashe ta wuce ganuwarta, har cikin 1938 aka aiko Ahmadu Bello ya zauna a nan yana duba gundumomin gabashin Sakkwato. Mutanen dutse suka gangaro bakin hanya, don buhun gyaɗa ba ya son hawa. Ran 1 ga Oktoba 1996 Gusau ta zama babban birnin sabuwar Jihar Zamfara. Sarkin Kwatarkwashi Ahmadu Umar, wanda ya hau cikin 1961 ya rasu cikin 2022, shekara 61 ya yi bisa gado, ya ga mafi yawan wannan sauyi da idonsa. Tsofaffin da suka kai shi sani kullum raguwa su ke yi. Ga shi kuma tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu ba su tsira ba, mutane suka riƙa barin gidajen kakanninsu suna kwararowa cikin gari. In ƙauye ya watse, mai sanin inda tsohuwar ƙofa ta ke da mai sanin jerin sarakuna su kan watse tare da shi.

Sabo da haka ga aikin da mu ke roƙon kowane ɗalibi ya yi a hutun nan, a garinsu, inda hanya ta ke da lafiya. Ya sami tsoho ko tsohuwa, ya gaishe su yadda ya kamata, ya tambayi wanda ya kafa garin da inda ya fito. Ya rubuta da irin kalmomin mai faɗi, kada ya gyara masa Hausa, kada kuma ya cire zancen iskoki don yana jin kunyarsa, sheƙa sai an dawo makaranta. In ya sami mutum na biyu wanda ya faɗi dabam, ya rubuta duka biyu, da unguwar kowannensu. In akwai saurar ganuwa ya auna kaurinta da ƙafa, ya zana inda ƙofofi su ke da sunayensu. In ya ga tsingaro ko dutsen niƙa a kufai ya bar shi inda ya ke, ya dai rubuta taku nawa ne daga wata alama da ba ta gusawa, kamar kuka ko rijiya. Littattafan da aka dawo da su za mu haɗa su a ɗakin karatu, gunduma gunduma, mu fara da na Tsafe da Kwatarkwashi.